Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Sarakunan Jihar Kebbi: A Rubuta Ƙasarmu Tun Masu Saninta Na Da Rai

Masu Martaba iyayen ƙasa, Sarkin Gwandu, Sarkin Kabin Argungu, Sarkin Yauri da Sarkin Zuru,

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya, ya zaunar da ƙasarku lafiya.

Ni talakanku ne, haifaffen wani ƙauye a bakin fadamar ƙasar Argungu. Aikin malamin gona na yi har na ajiye shi. Na san ba haka ake zuwa fada ba. Kamata ya yi in bi ta hannun mai unguwa, ya kai ni ga dagaci, dagaci ya kai ni ga uban ƙasa. Na zaɓi in yi magana a fili ne domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma ina so 'ya'yanmu masu waya a hannu su ji ta tare da ku. In harshena ya zame, a yi mini afuwa.

Bara, bayan sallar layya, na kai jikana gaida ƙanen mahaifina. Tsoho ne da ya haura tamanin da nisa, idonsa ya tafi amma hankalinsa garau. Hira ta kai mu ga fadama, sai na tambaye shi sunan wani tabki da na tuna muna wanka a ciki muna yara. Ya yi shiru, ya ce, "Mi za ka yi da sunan tabkin da babu ruwa?" Can kuma sai ya gyara zama, ya fara jero su tun daga bayan gari har bakin gulbi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tilawa. Kowanne da sunansa, da kifin da ya fi yawa a cikinsa, da gidan da ke da iko da shi, da watan da ake shigarsa. Ya kawo fiye da ashirin. Ni da na yi rayuwata ina yawo a fadamar nan da littafi a hammata, bakwai na sani. Jikana biyu ya sani, su ma don suna gefen hanyar makaranta. Da tsohon ya zo kan wani, sai ya ɗaga hannu wajen gabas ya ce, "Wanga wuri da kaka gani hili yanzu, nan munka kama giwan ruwa da sai da mutum biyu sunka ɗauke ta." Na ciro biro na rubuta abin da na iya a bayan wata takarda. Na yi niyyar in dawo da na'urar ɗaukar magana bayan girbi. Kafin a yanke shinkafa Allah ya karɓi abinsa.

Allah ya ba ku nasara, abin da ya sa ni wannan rubutu ke nan. Irin wannan tsoho akwai shi a kowane gari na ƙasarku, kuma duk shekara ana kai su makwanci da abin da ke kansu.

Sunan wuri ba ado ba ne. Tabkin da ake ce wa Na Kada, uwa ta san ba ta aika yaro ɗiban ruwa can da magariba. Tudun da ake kira Maƙera, in ka tona za ka ga kashin tama, shaidar an taɓa narka ƙarfe a wurin. Inda ake ce wa Mashaya, ko mai gonar da ke kusa ya san ba shi da ikon toshe hanya, don shanu sun riga kakansa zuwa. Kuma tabkuna ba a faɗa musu yadda aka ga dama. Akwai wanda ake su a cikinsa da ruwa ya fara janyewa, akwai wanda ake rufewa, babu mai jefa ko ƙugiya sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, a yi fashin ruwa, gari duka ya fito. Wanda bai sani ba zai ce al'ada ce kawai. Mu da muka karanta aikin gona mun san doka ce ta kare kifi: a bar shi ya hayayyafa, ya girma, a raba shi da adalci, mai ƙarfi bai kwashe na marar ƙarfi da dare ba. Ba a rubuta dokar a ko'ina ba. A jikin ƙasar take, da bakin mutane.

Daga wannan doka ce bikin kamun kifi na Argungu, wanda duniya ta san mu da shi, ya tsiro. Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa su don girmamawa, bikin ke ƙara suna, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su a 2016. Muna alfahari da haka. Amma baƙon da ya zo ya ga dubban masunta sun ruga gulbin Matan Fada da homa da gora, sa'a guda ya gani daga cikin shekara. Gorar nan wani ya shuka dumanta, ya san inda take yin girma. Homar nan wani ya saƙa ta. Giwan ruwan da ake ɗagawa a gaban manyan baƙi, da bargi da yauni da ƙarfasa, ba a gulbi kaɗai suke rayuwa ba, sai ruwa ya malala cikin fadama da damina sun shiga ciyawa sun yi ƙwai. In fadamar ta mutu muka riƙe bikin, rawani muka riƙe muka bar kai.

Kuma fadamar da na sani ina yaro ba ita ce ta yau ba. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wajen Talata Mafara, a 1978. Ta Goronyo a kan Gulbin Rima ta biyo baya a shekarun 1980. Daga nan ruwa ya daina zuwa a kan lokacin da iyayenmu suka saba lissafi da shi. Wata shekara ya ƙi isa tabkunan nesa, wata shekara a sako shi gaba ɗaya ya kwana a kan shuka. Bayan haka injin ban ruwa ya shigo, noman rani ya bunƙasa, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a ƙarshen 2015. Ba zan yi butulci ba. Noman rani ya aurar da samari, ya kai mutane Makka, ya sa kwano a kan ɗakunan da ke zuba. Ni kaina na ɗauki sabon iri a bayan babur na bi gari gari ina roƙon manoma su gwada, kuma na yi haka da zuciya ɗaya, don na ga yunwa da idona. Abin da ke damuna shi ne, duk tsawon shekarun nan ban taɓa cewa wani manomi ya ajiye mini tiya guda ta tsohon irinsa ba, kuma ba wanda ya ce mu yi.

Tsohuwar shinkafarmu, irin su baƙin iri da jan iri da ɗan boto, ba daga waje aka kawo ta ba, ta ƙasar Afirka ce tun fil azal. Ba ta cika buhu kamar sabon irin nan Faro 44, amma tana da wata baiwa: in ruwa ya tashi, ita ma sai ta tashi, karanta ya yi ta tsawo yana bin ruwan, har a yanke ta daga cikin jirgi. Da ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar nan, na tsaya a bakin wata gona ina kallon ruwa har iyakar gani, sai wani dattijo da ke kusa da ni ya ce da irin da ne, da ana ganin kanta a sama. Yau in kana neman irin nan sai ka yi tambaya gida gida, yawanci kuma a hannun tsohuwa za ka same shi, ta ajiye don tuwonta bai mata daɗi da wata shinkafa.

Haka burugu. Ciyawar nan ce ke riƙe shanun Fulani da rani, su ci, su bar taki, manomi ya amfana. Da aka nome inda take fitowa, aka kuma matse burtali har ya koma kamar hanyar ƙafa, sai ga shi ana kai ƙara fadarku kan abin da da can dattawa biyu ke kashewa a gindin tsamiya. A tudu kuwa, motar noma ba ta son gamba a kan iyaka, ba ta son gawo a tsakiyar gona. Alhali gawo shi ne itacen da ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da abinci, kuma ko yaro ya san geron gindin gawo ya fi na ko'ina. Giginyar da ta fi kakanninmu shekaru ana sare ta a yi azara, ba a bar ƙananan su taso ba. Ƙirya ta tafi gawayi. Rufewar laka mai hular ciyawa, wadda ke ajiye damin gero shekara biyu ko uku ba tare da an zuba masa magani ba, masu gininta a garinmu saura mutum ɗaya, kuma babu yaron da ke binsa.

Ba ƙasar Kabi kaɗai ba. Mai Martaba Sarkin Yauri ya fi kowa sanin abin da ya faru da aka tare Kwara a Kainji a 1968. Dubban mutane aka tasa, tsibiran Gungawa da gonakinsu na albasa da kushewun iyayensu suka koma ƙarƙashin ruwa. Waɗanda suka rayu a tsibiran nan da wayonsu, yau duk tsofaffi ne. Su kaɗai za su iya cewa ga inda wane tsibiri yake, ga abin da ake nomawa a kansa, ga mashigin da jirgi ke bi. A ƙasar Zuru kuma akwai tsofaffin mazaunai a kan duwatsu, da gonakin da samari suka yi golmo a cikinsu shekara da shekaru kafin a ba su mata, da tukwanen da mata ke ginawa a ɗora a kan kabarin manya, da wuraren da ake bikin Uhola. Wannan yanki ne kuma rashin tsaro ya fi ci. Ƙauyuka nawa ne a wajen Danko-Wasagu da Sakaba mutanensu ke gudun hijira a cikin gari? Gonar da aka bari shekara biyar daji take komawa. Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya, in ya yarda zai kawo, wa zai nuna wa maraya iyakar gonar ubansa in dattawan da suka sani sun rasu a wurin hijira? A nan maganar ta wuce tarihi, ta zama maganar haƙƙi.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a ido. Mutane na fama da abin da za su ci, ana sace su a gonakinsu, kai kana maganar rumbu da sunan tabki. Wani ma ya ce so nake talaka ya dawwama a ɗakin ciyawa don masu zuwa daga birni su ɗauki hoto. Allah ya sani ba haka nake nufi ba. Wanda ya samu halin bulo da kwano ya yi, Allah ya sa albarka. Ba na roƙon a tsayar da zamani. Roƙona a san abin da ake rushewa kafin a rushe shi, a rubuta shi, abin da ke da amfani a cikinsa a tsince. Mai sauya gida ma ba ya cinna wa tsohon ɗaki wuta sai ya leƙa ya ga abin da ke ciki.

Akwai kuma masu jin tsoron cewa wasu al'adun ruwa da na dutse sun saɓa wa addini, don haka gara su ɓace. Rubuta abu ba yin sa ba ne. Kuma mu da muke ƙasar Malam Abdullahin Gwandu ba mu da uzurin jahiltar ƙasa. Shi da kansa ya wallafa littafi kan hukuncin filaye: yadda ake raya mataccen fili, da hurumin gari da na rijiya, da wurin da ake keɓe wa kiwo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta bayanin ƙasashe da mutanensu, har Baturen nan Kilafaton da ya zo Sakkwato a 1824 ya koma gida da taswirar da ya samu a wurinsa. Magabatanmu sun ɗauki sanin ƙasa ilimi ne. Mu ne muka mayar da shi hirar tsofaffi.

Dubi Sukur, can ƙasar Madagali a Jihar Adamawa. Wuri na farko ke nan a Nijeriya da ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya, a 1999. Ba wani dogon bene aka gani a can ba. Gonaki ne da aka yi wa matakala da duwatsu a jikin tsauni, da hanyoyin da aka shimfiɗa wa dutse, da rumbuna, da wuraren narka ƙarfe, da gidan sarkinsu. Wato aikin manomi da maƙeri aka duba aka ce wannan dukiyar 'yan Adam ce duka. Mu kuma muna da Surame, birnin Kanta wanda ya kafa daular Kabi, wanda yanzu ya faɗa cikin Jihar Sakkwato. Ganuwarsa ta dutse na nan tun ƙarni na 16, kowa na iya zuwa ya gani. Amma ina gonakin da suka ciyar da rundunar Kanta? Wane iri suka shuka, ina suka shayar da dawakinsu? Dutse ya tsaya, abin da ke bakin mutane ya tafi. Abin da muke yi wa jikokinmu ke nan yanzu, mu kuwa ga biro ga waya.

Dalilin da ya sa na kawo kukana gare ku, ba ga wata ma'aikata ba, shi ne gwamnati kan zo ta wuce, ku kuna nan. Kuma babu wanda ke da igiyar da ta kai kowane lungu kamar ku: uban ƙasa, dagaci, mai unguwa, Sarkin Noma, Sarkin Ruwa, Arɗo, Sarkin Maƙera, Magajiya. Tsohon da ba zai buɗe baki ga baƙo mai takarda ba, in aka ce daga fada ne, zai shimfiɗa tabarma.

Ga abin da nake roƙo, Allah ya ba ku nasara. Ku ba da umarni kowane gari ya samu littafinsa na ƙasa. A zauna da dattawa, a bi fadama da tudu da ƙafa, a rubuta sunan kowane tabki, rafi, fako, kurmi, dutse, burtali, mashaya, tsohuwar rijiya, kufai da maƙabarta, da abin da aka sani game da shi, da wanda ke da haƙƙi a kansa da lokacin haƙƙin. A ɗauki muryarsu yadda suke magana, Bakabe da Kabancinsa, Badakkare da harshensa, Bazabarme, Bakambare, Bagunge da Bafulatani kowa da nasa, kada a gyara musu baki, don sau da yawa ma'anar na cikin lafazin. A tsaya wuri ɗaya a ɗauki hoto da damina, a dawo nan ɗin a ɗauka da rani. Masu aikin ba sai an ɗauko su daga nesa ba. Muna da ɗalibai a jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero da Zuru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da Kwalejin Waziri Umaru. Duk shekara suna neman abin da za su yi bincike a kai. A tura kowa garinsu lokacin hutu, malamansu su duba aikin. A Kaduna kuma, a gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa, akwai rahotannin da Turawan mulki suka rubuta kan gundumomin lardin Sakkwato lokacin da suke ƙidayar haraji, da sunayen garuruwa da amfanin gonarsu. A kwafo su a gwada da abin da dattawa suka faɗa.

Don Allah kada a manta da mata. A nan ne irin wannan aiki ya saba yin tuntuɓe, a tara maza a ƙofar dagaci a ce an gama. Mace ce ta san kaɗanyar da ta fi mai, da ɗorawar da kalwarta ta fi daɗin daddawa, da inda ake samun yumɓun tukunya, da ganyen da aka ci aka rayu a shekarun yunwa. Ita ce ta san shinkafar da ta fi kyau da gumi. A tura 'yan mata su shiga cikin gida su zauna da kakanninsu.

Littafin in an gama, asalinsa ya zauna a garin, a hannun mutanen da suka ba da shi. Kwafi ya je fada, wani ya je gidan tarihi na Kanta ko makamancinsa a kowace masarauta. Ina jaddada wannan ne don ina da tsoro guda: kada taswirar da aka yi don kare hurumin talaka ta zama jagorar mai kuɗin da ke neman fili. A garinmu mun taɓa wayar gari muka ga wani ɗan kwangila yana kwasar ƙasa a tudun da kakanninmu ke kwance, ya ce shi ba wanda ya gaya masa akwai kabari a wurin. Wataƙila gaskiya ya faɗa, don babu inda aka rubuta. Amma na kuma ga inda sani ya zama makami. Saboda haka a karanta wa jama'a abin da aka rubuta a bainar kowa, manomi da makiyayi da masunci suna zaune, su yarda kafin a sa hannu.

Sai abu biyu ƙanana da ba su jiran kuɗin kowa. Kowace gunduma ta gina rumbu ɗaya na iri, a tara tsofaffin irin shinkafa da gero da dawa da maiwa, Sarkin Noma ya riƙa sa a shuka kaɗan duk shekara don kada su mutu a ajiye. Maginin gargajiya ya gina rumbun, yara suna kallo suna miƙa masa laka. Kuma kowane uban ƙasa ya zaɓi wuri ɗaya ko biyu, tabki ko kurmin giginya ko guntun burtali, ya ce wannan hurumi ne, ba a sara, ba a cikewa, ba a sayarwa.

In aikin ya yi yawa a fara shi gaba ɗaya, a fara da jerin sunayen waɗanda suka haura tamanin a kowane gari, da waɗanda ke zaman hijira, a je musu a wannan rani kafin ruwa ya sauka hanya ta yanke. Takardar da na rubuta a gaban ƙanen mahaifina tana nan a cikin akwatina. Sunaye goma sha huɗu na samu kamawa, sauran sun wuce ni don yana sauri. Ranar da aka buɗe littafin garinmu, zan kawo ta da hannuna.

Allah ya ja zamaninku.

Talakanku,
Tsohon malamin gona daga ƙasar Argungu